"Kawo in ajiye maka": yaya kuka yi da kuɗin barka da sallar yaranku?

Maman Ilham, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da ƙaramar sallah ɗana mai shekara bakwai ya dawo daga yawon sallah da naira dubu huɗu da ɗari biyu. Na miƙa hannu na ce kawo in ajiye maka. Sai ya dafe aljihu ya ce, "Mama, ai na bara ma ba ki ba ni ba." Kunya ta rufe ni, don gaskiya ya faɗa, kayan miya na saya da su. Mu ma haka aka yi mana muna yara, shi ya sa har na yi aure ban iya riƙe kuɗi ba, da sun shigo nake kashewa kafin wani ya ce in kawo. Don Allah waɗanda suka bi ta nan, yaya kuka yi yaranku suka saba da tattali?

Baban Sadiƙu, Zariya:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ki fara da biyan bashin nan, ko da ɗari biyu-biyu ne. Ni littafin rubutu na saya wa kowane yaro. Duk abin da ya kawo ajiya sai mu rubuta kwanan wata da adadi, ya sa hannu, in sa hannu. Ranar da gida ya matse na taɓa kuɗin, ba na ɓoyewa, sai in rubuta "rance" a gabansa, in an yi albashi in mayar. Babban ya taɓa tare ni a zaure ina tare da baƙi yana tuna mini bashin ɗari biyar. Na ji nauyi, amma na biya a take, daga baya na koya masa cewa ba a bin bashi a gaban mutane. Yanzu shekararsa goma sha biyu, kuma duk aron biro ko littafi da ya yi a makaranta ba ya kwana da shi.

Hajiya Kaka, Katsina:
'Ya'yan nan, mu asusun ƙasa muka sani, wanda sai an fasa ake ganin abin da ke ciki. Na saya wa jikokina huɗu, kowa da nasa. Abu biyu suka same mu. Na farko gara. Ɗaya ta binne nata a ƙarƙashin gado, bayan wata takwas muka tono, 'yan ɗari-ɗari da ɗari biyu duk sun zama gari. 'Yan goma, ashirin da hamsin ne suka tsira, da yake na leda ne. Ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo.

Na biyu canjin kuɗi. Da aka ce ranar 31 ga Janairu 2023 tsofaffin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu za su daina aiki, dole muka farfasa sauran ukun, kawunsu ya kwashi kuɗin ya je ya bi layin banki. Sai aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, sannan a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Ƙaramin ya ce, "Kaka, ashe a banza aka fasa mini." Me zan ce masa? Tun daga nan ba na barin asusu ya wuce wata uku. Kafin a jefa naira ta farko sai yaro ya faɗi abin da yake tara wa, takalmi ne ko jakar Islamiyya, in lokaci ya yi mu fasa mu tafi kasuwa tare.

Malam na Maraɗi:
Gaisuwa ta Hajiya. Mu nan Nijar gara ba ta dame mu ba, tunda silalla na aiki har yanzu, yaro na iya jefa dala biyar ko dala goma kullum. Amma ni ban yarda kuɗi su kwanta ba. Da ɗiyata ta tara jikka biyu muka sayi kaza. Kwana ashirin da ɗaya ta ƙyanƙyashe, ɗiyar ke ba 'yan tsakin tsaki da ruwa kafin ta tafi lakwal, wato makaranta. Daga kaji muka kai ga 'yar akuya. Akuyar ta mutu da damina, ban kuwa saya mata wata ba, duk da uwarta ta yi ta roƙo. Muka zauna muka duba inda aka yi sakaci, ba a kira likitan dabbobi da wuri ba. Ta sake farawa da kaji biyun da suka rage.

Maman 'Yan Biyu, Jos:
Ni fa ina da ja. Na matsa wa Hassan da maganar tara kuɗi har ya zama marowaci. Husaini ya yar da kuɗin tararsa a hanyar makaranta, Hassan na da ɗari a aljihu, ya bar ɗan uwansa da yunwa har aka tashi, wai yana tattali. Ranar ban yi barci ba. Yanzu kowace Juma'a shi da hannunsa yake cire wani abu daga kuɗinsa ya kai wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Da farko fuska a murtuke, yanzu shi ke tuna mini.

Abu Hanifa, Kaduna:
Ba wanda ya taɓo maganar POS. Na ce wa 'yata babu kuɗi, sai ta ce, "To Baba ka je wurin mai POS mana ya ba ka." A tunaninta shi ke rabawa kyauta. Ina laifinta, ba ta taɓa ganin inda kuɗin ke fitowa ba. Ni tela ne, sai na fara tafiya da ita shago ranar Asabar. Tana cire zare, tana ninke kaya, in mai kaya ya biya in nuna mata nawa ne na zare, nawa ne na man janareta, nawa ya rage. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ta ga da idonta yadda na janareta ke cinye rabonmu. Kwanan nan na ji tana yi wa ƙanenta faɗa ya bar fitila a kunne da rana.

Maman Ilham, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baban Sadiƙu, na sayi littafin. Da muka zauna lissafi na ce na bara dubu biyu ne, ya ce a'a, dubu biyu da ɗari uku, har ya lissafo wanda kowace gwaggo ta ba shi. Na biya ɗari biyar, saura dubu ɗaya da ɗari takwas. Na bana kuwa ya ce sai na gama biya zai kawo, a ƙarƙashin katifarsa suke. Malam, shi tattabaru yake so ba kaza ba, ga shi gidan haya muke. Akwai wanda ya taɓa kiwonsu a gidan haya?