Wane gam ne yake riƙe gashin tsuntsu a maficin amarya?

Mai tambaya, Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum yayyena masu sana'ar hannu. Wane gam ya dace da gashin jimina da na zabo a maficin amarya? Na kyandir, wanda ake narkawa da bindigar gam, yana saki bayan kwana biyu, sufa gulu kuma yana ƙandarar da gashin.

Mai haɗa mafici, Bukuru:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki ɗora wa gam laifi, duba gashin. Yawancin tsuntsaye suna shafe gashinsu da maiƙon da ke fita daga gindin wutsiyarsu, kuma gam ba ya zama a kan maiƙo. Na agwagwa ya fi kowanne. In daga wurin masu figar kaji kika samo, ki wanke da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ki ɗauraye sau biyu, ki shanya a inuwa. In ya bushe sarai, a ƙulle a leda a sa a firiza kwana 3 saboda ƙwarƙwata.

Sannan gam ba ya taɓa gashin kansa, karan kawai, kamar santimita 2 daga ƙasa. Karan yana da santsi kuma a mulmule yake, don haka ki kankare shi da reza, ki yanka bakinsa a karkace ya kwanta sosai. A fara jerawa daga baki zuwa ciki, kowane layi ya rufe karan na bayansa.

Mai kwalliyar kai, Rikkos:
Gaskiyar Anti ne. Gam ɗin kyandir kuma ba shi da aibu in an san halinsa. Ƙaramar bindiga mai cin kyandir na milimita 7 ta fi babbar mai 11, don babbar tana zubo shi da yawa, zafinta kuma yana nannaɗe gashin jimina. A bar ta ta yi minti 5 a wuta tukuna. Ɗigo ɗaya a jikin maficin, ba a jikin gashin ba, a danna karan a ciki, a riƙe a ƙirga goma.

Matsalarmu a Jos sanyi ne. A Disamba da Janairu gam yana daskarewa kafin kara ya shiga, sai ya yi kamar ya kama alhali bai kama ba. A rufe taga, a riƙa yin ɗaya bayan ɗaya. In kuma kayan Abuja za su, kada a sa su a but ɗin mota da rana, zafi yana sassauta shi gashin ya zame. Wanda ya manne a karkace, a ɗiga masa sifirit a gefe, zai ɓanɓaru.

Mai aikin fata, Dilimi:
Hajiya, ki ajiye sufa gulu gefe guda. Ruwa-ruwa ne, yana bin zaren gashin ya hau sama, ya bar farin tabo, in ya bushe kuma karyewa yake yi. In ya haɗu da auduga ko ulu zafi yake fitarwa har ya ƙona yatsa. A kan fata ko katako Evo-Stik ya fi: a shafa siriri a ɓangare biyu, a jira kamar minti 10 sai ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Sau ɗaya ake ɗorawa, ba ya karɓar gyara. Yana narka farin soson nan na kwalin talabijin, kuma kada a buɗe shi kusa da risho ko gawayi.

Mai ɗinkin duwatsu, Tudun Wada:
Ga aikin da za a sayar, B-7000 ko E6000, ana samun su wajen masu kayan ɗinki a kasuwar Terminus. Suna bushewa garau kamar ruwa, suna lanƙwasuwa ba sa tsagewa. Sai dai haƙuri: awa 24 kafin a taɓa, da damina a ba shi kwana 3. A ɗiba da tsinken sakace, a maƙale da abin shanya.

Malamar firamare, Gangare:
Na aikin yara kuwa farin gam na Top Bond ya isa, a kan kwali. Ba wari, ba ƙuna. Ruwa gare shi, in ya yi yawa gashin yana kwanciya ya cure.

Tela, Katako:
Malama ta yi daidai a kan na yara, amma ga manyan gashin jimina da na ɗawisu ban yarda da gam shi kaɗai ba, ko wane iri ne. Amarya wuni take tana kaɗa mafici, nauyin gashin duk a kan gindin karan yake. A ɗora allura a wuta, a huda karan wuri biyu, a ɗinke shi a jikin ƙyalle mai kauri da zare ninki biyu, sannan a ɗiga B-7000 a kan ƙullin. Sai a manna wani ƙyallen a sama ya rufe ɗinkin. In karan siriri ne kamar na zabo, hudawa tana tsaga shi, sai a haɗa biyar-biyar a naɗe gindinsu da zare a ɗinke ƙunshin.