Matata mai ciki wata bakwai tana kwance a asibiti da mura, ina neman shawara

Salam jama'a, dan Allah likitoci da ungozomomi da ke nan ku taimaka min. Uwargidana cikinta wata bakwai, tun shigowar hunturun nan ta kama mura muka ɗauka ta ƙura ce kawai, sai ga zazzaɓi da tari har numfashi ya fara gagararta, yau kwana 5 kenan tana kwance. Likita ya ce fulu ce mai ƙarfi, wai mai ciki ta fi shan wahalarta saboda cikin yana danne huhu, kuma zazzaɓin zai iya jawo naƙuda kafin lokaci. Abin auna oksijin na jini da suke maƙala mata a yatsa yana nuna 96 idan an sa mata oksijin, da an cire oksijin ɗin sai ya sauko 91.

Matsalar yanzu Hajiya surukata ta dage a sallame ta a koma gida a yi sirace, ta kuma hana ta shan maganin fulu ɗin, Tamiflu, wai zai taɓa yaron, ita kuma ba ta iya musu da mahaifiyarta. Jiya ma ta ce motsin cikin ya ragu, wallahi ban runtsa ba. Maganin yana da illa ga jariri ne? Kuma ya zan shawo kan Hajiya ba tare da na yi mata rashin kunya ba?