Shafina na intanet ya mutu, wanda ya yi min shi kuma ba ya ɗaga waya

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. A Jos nake, wajen Bauchi Road. Ina saro dankalin Turawa da karas da kabeji a Farin Gada, da sanyi in haɗa da sitiroberi, in ɗora wa mota zuwa Abuja. Yawancin masu saye a wurina matan Kubwa ne da Gwarinpa. Bara wani yaron maƙwabtanmu ya ce in ina son manyan mutane su ɗauke ni da daraja sai na buɗe shafi. Na ba shi dubu 80, ya yi shi tsaf, har na buga adireshin a jikin ledojina. Makon jiya wata ta ce ta shiga ba ta ga komai ba sai wani rubutun Turanci. Na kira shi har na gaji, mahaifiyarsa ta ce ya tafi bautar ƙasa. Yanzu wani ya ce in kawo dubu 120 ya yi sabo. Tsakani da Allah, a shekara guda ban tuna mutum uku da suka same ni ta shafin ba. Amma ga leda kusan dubu biyu a ɗaki da adireshin a jiki. In gyara, in sake, ko in haƙura?

Wani mai aikin kwamfuta daga Wuse:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ba kowa ko kwabo tukuna. Alamu sun nuna kuɗin haya ne ya ƙare. Shafi abu biyu ake biya masa duk shekara: sunan da ake bugawa a same ki, da wurin da aka ajiye hotuna da rubutun. Kamar shago ne da allon da ke ƙofarsa. In sunan ya ƙare, akwai ɗan lokacin da ake ɗaga ƙafa a sabunta a kan kuɗin da aka saba. In ya wuce kuɗin ya ƙaru, in aka ƙara sakaci a sake shi kowa ma ya saya, ledojinki su koma tallata wani. Don haka hanzari ake so. In ƙarshen sunan .com.ng ne, NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ce ke kula da irinsu, ta hannun kamfanonin da ta amince wa. Abin da za ki nema wurin yaron uku ne: wane kamfani ya yi rajistar, da wane imel, da kalmar sirri. Kada ki yi masa faɗa, mabuɗin yana hannunsa. Ki bi ta wajen mahaifiyarsa.

Wata mai atamfa daga Terminus:
Yaya, ni dai ra'ayina daban. Wa zai buɗe shafi don kwandon dankali? Farashinki fa yau daban, jibi daban. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ki jera kayanki a katalog da kuɗinsu. Da safe kina Farin Gada ki ɗauki hoton kabejin da raɓarsa, ki sa a status, awa 24 yana nan. Hoton da aka kwaso a intanet mata suna gane shi tun daga nesa. Abu ɗaya da na daɗe ban sani ba: saƙon broadcast, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka, kuma wadda ba ta ajiye lambarki ba ba zai je mata ba. Na yi wata biyu ina turawa ina jin haushin mutane, ashe rabinsu bai ma isa gare su ba. Duk wadda ta saya yanzu sai na ce, Hajiya a taimaka a ajiye lambata.

Wani dattijo da ke sayo wa otal kayan miya a Abuja:
'Yata, kowa da gaskiyarsa. Matan gida WhatsApp ya ishe su. Amma ranar da kika nemi kai wa otal ko gidan abinci, rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za su tambaya, da asusun banki mai sunan kasuwancin. Su kan kuma buga sunanki a Google su gani. Shafi ɗaya tak ya wadatar: me kike sayarwa, ranakun da mota ke tashi, lambar waya. Ki sa kasuwancin a taswirar Google, ba a biyan komai. Dubu 120 ɗin nan ki ƙara a jari.

Wata 'yar uwa daga Bukuru:
In za ki biya talla a Facebook, ki zaɓi Abuja da hannunki. Na taɓa dannawa haka kawai, sai ga masu tambaya daga Fatakwal. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 a kai, ki lissafa da shi. Kuma kada kaya su hau mota sai kin buɗe manhajar banki kin ga kuɗin, alat na bogi ya yi yawa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na je gidansu da la'asar, mahaifiyar ta kira shi a gabana ya ɗaga. Ashe da imel ɗinsa ya yi, saƙon gargaɗi duk can yake zuwa bai duba ba. Kwana 12 ke nan da ƙarewa, mun sabunta. Malam na Wuse, yaya ake mayar da shi kan imel ɗina? Ƙanwata ta Terminus kuma, gobe bayan azahar kina shago? Zan zo da wayar ki nuna min katalog ɗin nan.