Gudummawar marayu ta zo da sharaɗin sayen kwamfuta: mu karɓa yadda take, ko mu nemi a gyara?

Sakataren ƙungiyar unguwa, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina rubutu ne a madadin wata ƙaramar ƙungiya da muka kafa a unguwarmu a Tudun Wadar Zariya, wadda ke kula da marayu da yaran da iyayensu ba su da ƙarfi. Aikinmu bai wuce biyan kuɗin makaranta, sayen magani idan yaro ya kwanta, ɗinkin Sallah da rabon hatsi a watan azumi ba. Bayanan yaranmu gaba ɗaya suna cikin manyan littattafai biyu da ke ajiye a gidan ma'aji, ɗaya daga ciki ma yoyon rufi ya taɓa shi a daminar bara, har wasu sunaye sun dishe sai da muka sake zagaya gidaje muna tambaya.

Wani ɗan unguwarmu da ke aiki a ƙasar waje, Allah ya saka masa da alheri, ya yi alkawarin ba mu gudummawa mai kauri, sai dai yana so a kashe ta wajen zamanantar da aikin: a sayi kwamfutocin hannu, a ɗauki mai haɗa manhaja ya ƙera mana tamu ta kanmu, sannan a sa hoton kowane yaro da labarinsa a intanet domin masu son taimako su gani su zaɓa. Kwamitinmu ya rabu biyu. Matasa suna ganin idan ba mu bi zamani ba za a bar mu a baya, dattawa kuma suna cewa yaron da ya kwana da yunwa ba ruwansa da kwamfuta. Shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka taɓa wannan aiki da hannunsu: wace fasaha ce take amfanar yara a irin yanayinmu, wacce ce kuma asarar kuɗi?

Ma'aikaciyar lafiya, Sabon Gari:

Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya ba ku ladan wannan hidima. Na daɗe ina aikin riga-kafi da awon yara, kuma idan aka ce in faɗi ƙirƙirar da ta fi ceton rayuka a gabana, ba na'ura mai batir zan ambata ba, wani siririn ma'auni ne na roba mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59. Idan ya tsaya a kan kore, wato sama da santimita 12.5, yaron yana lafiya ta fuskar abinci. Idan ya tsaya a kan rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, ya fara ramewa kuma yana bukatar kulawa. Idan kuwa ya faɗa ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, ranar nan ya kamata a kai shi asibiti. Ba ya bukatar caji, ba ya bukatar sabis, kuma wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana iya karanta shi tunda launi take dubawa. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Mirriya na jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu, aka kuma tarar ba su gaza ma'aikatan sa-kai wajen gano yaran da suka kamu ba.

Na ga haka da idona. Wata uwa ta shigo mana da safe goye da ɗanta, ma'aunin yana ƙulle a bakin zaninta kamar yadda ake ƙulle kuɗin cefane, ta kwance shi ta ce mini jiya da dare ta gwada ya taɓa ja, shi ya sa ba ta jira mijinta ya dawo daga kasuwa ba. Na sake aunawa, na danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku in ga ko akwai kumburi, abin da ta faɗa kuwa haka yake. Da a ce jira ta yi sai ma'aikaci ya zagayo unguwarsu, da an ƙara makonni.

Haka ɗan murabba'in nan da ke jikin kwalbar allurar riga-kafi, wanda yake duhu idan zafi ya lalata maganin, da firji mai aiki da hasken rana da ke riƙe magani tsakanin digiri 2 da 8 ko babu wutar lantarki. Waɗannan su ne fasahar da nake dogara da ita kullum. Kada a ce ina ƙin manyan abubuwa: tun 2022 jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi suke tashi daga Pambeguwa suna sauke magani da allurai a asibitocin karkara na jihar nan, kuma wannan abin alheri ne, amma aikin gwamnati ne, ba na ƙungiyar unguwa ba.

Game da kwamfutar hannu kuwa, an taɓa kawo mana wasu a wani wurin da na yi aiki, aka yi bikin miƙawa aka ɗauki hotuna. Babu wanda ya ware kuɗin data, babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara, wanda ya koya mana amfani da su kuma kwana biyu ya yi ya tafi. Kafin shekara ta zagayo suna cikin kabad a jere, muna kuma cike takarda kamar da, sai dai an ƙara mana aikin ƙirga su duk wata. Da ni ce ku, abin da zan fara yi shi ne in duba katin riga-kafin kowane yaro ƙarami da ke hannunku, in ware mutum ɗaya mai waya da zai kira uwa ko mariƙiya kwana ɗaya kafin allurar mako 6, mako 10, mako 14 da ta ƙyanda a wata 9. Da yawa daga cikin yaran da ba su kammala allura ba, ba ƙi iyayensu suka yi ba, ranar ce ta shige musu.

Mai haɗa manhaja, Samaru:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da abin da zai zama kamar na tare wa kaina abinci: Malam Sakatare, kada ku biya kowa ya ƙera muku sabuwar manhaja, ko da ni ne. Ƙera ta ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce wanda zai ci gaba da kula da ita bayan wanda ya ƙera ya gama karatu ya tafi Abuja ko Legas. Akwai manhajojin tattara bayanai irin su ODK da KoboToolbox da ƙungiyoyin agaji suke amfani da su a ƙasashe da dama, suna aiki a wayar Android ta talakawa, ana cike fom ko babu intanet, sai an samu sabis ya tura. Wannan siffa ta aiki ba tare da sabis ba kada a raina ta, domin ba mu manta ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, duk tsarin da ya jingina da intanet kaɗai ya tsaya cak.

Amma ina da ɗan saɓani da Hajiya, tare da girmamawa. Kiran waya da ma'aunin damtse suna aiki ne idan an san yaran da ake nema da inda suke, littafin da yoyo ya cinye kuwa ba zai gaya wa kowa wane yaro ne ya cika mako 14 a wannan satin ba. A nan ne na'ura take da amfani na haƙiƙa. Ku tuna yaƙin da aka yi da cutar shan inna a Arewa: taswirorin da ake zanawa da hannu sun bar rugage da ƙauyuka da yawa a waje, sai da aka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma ba ayarin masu ɗiga magani wayoyin da ke nuna inda suka taka, sannan aka riƙa ganin unguwannin da ake tsallakewa. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ba wayar ce ta ɗiga wa yaro magani ba, mata ne masu yawo gida-gida a cikin rana, amma wayar ta nuna gidan da ba a shiga ba.

Ga kuma misalin da ya kamata mai ba ku gudummawa ya ji. A 2005 aka ɓullo da shirin ba kowane yaro kwamfuta daga Amurka, da burin a sayar da ita dala 100. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba wa makarantun karkara, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙari a makin lissafi da na harshe ba, saboda an raba na'ura ba a sauya yadda ake koyarwa ba. A ganina waya biyu masu kyau, ƙaramin faifan sola na caji, da ɗan alawus na wanda zai riƙa shigar da bayanai duk mako sun ishe ku, kuma ku riƙa buga kwafi a takarda kuna ajiyewa a gida biyu.

Malama mai aikin shari'a, Kongo:

Ni batun hotuna ne ya tsaya mini a rai, kuma ina roƙon kwamitinku ya cire shi gaba ɗaya. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman amincewar iyaye ko mariƙi kafin a sarrafa bayanan yaro, jihar Kaduna kuma tana da dokarta ta walwala da kariyar yara tun 2018. Sai dai ko babu doka, ku yi tunanin matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, aka zo mata da takarda aka ce ta dangwala yatsa a sa hoton ɗanta a intanet, alhali ta san buhun masarar azumi daga hannun masu takardar yake fitowa. Za ta dangwala, amma wannan ba yarda ba ce, rashin mafita ne. Yaron kuma zai girma, wata rana abokan karatunsa ko dangin wadda zai nema su ci karo da hotonsa da bayanin cewa uwarsa ba ta iya ciyar da shi. Abin da ya hau intanet ba ya sauka, kuma hoto da suna da unguwa a wuri ɗaya jagora ne ga 'yan damfara masu karɓar sadaka da sunan marayu, da ma waɗanda suka fi su mugunta. Akwai kuma rashin adalcin da zaɓe yake haifarwa, domin ƙaramin yaro mai murmushi zai samu masu ɗaukar nauyinsa, ɗan shekara goma sha huɗu mai ƙuraje a fuska ya zauna.

Idan mai gudummawar yana son ganin inda kuɗinsa ya tafi, haƙƙinsa ne, ku ba shi lissafi da rasit da adadin yara ba tare da fuskokinsu ba. Sannan ku duba wane ne a cikin yaranku ba shi da takardar shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Binciken da aka yi a 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, kuma maraya ya fi kowa bukatarta, domin ita ce hujjarsa ranar shiga makaranta, ranar neman lambar ɗan ƙasa, da ranar da rigimar gado ta taso. A Nuwamban 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin yin rajistar ta na'ura, saboda haka abin da ya rage muku shi ne haɗa mariƙan yaran da jami'in rajista.

Tsohon hedimasta, Kwarbai:

'Ya'yana, duk kun yi magana mai ma'ana. Abu ɗaya zan ƙara, tunda na san daga an sayi waya za a ce a riƙa tura tallafi ta asusun banki. A Kenya abin ya zauna domin tun 2007 suke da M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta wayar salula, har ta shiga jinin mutane. A nan kuwa, gidaje da yawa wayar a aljihun maigida ko babban ɗa take, saƙon shigar kuɗi shi yake fara gani, mai POS kuma ya cire nasa kafin a miƙa. Mun kuma ga abin da ya faru a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mutum yana da kuɗi a asusu ya kasa sayen koko. Kuɗin makaranta ku biya makaranta kai tsaye, na magani ku biya kantin magani, abin da za a ba mariƙiya kuma a tabbatar layin da sunanta yake, a kira ta a ji daga bakinta cewa ya iso. Kada kuma ku yi komai a bayan mai unguwa da limami, su ne suka san gidan da aka yi rasuwa shekaranjiya.

Sakataren ƙungiyar unguwa, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Baba, da Hajiya da Malama da ƙanena na Samaru. Na karanta wa kwamiti amsoshinku bayan sallar Isha'i, an yi muhawara mai zafi kan hotunan kafin matasan su sauko, kuma mun rubuta wa ɗan'uwanmu wasiƙa muna neman ya amince a sayi waya biyu da faifan sola a maimakon kwamfutoci, ragowar kuma a raba tsakanin rajistar haihuwa, alawus na shekara biyu ga mai shigar da bayanai, da asusun magani. Bai amsa ba tukuna. Kafin nan, Hajiya, ina ake samun wannan ma'aunin damtse, kuma idan muka tara mariƙan yaranmu mata a makarantar Islamiyyar unguwa ranar Asabar, wa ya kamata mu rubuta wa domin a turo mana ma'aikaciyar da za ta koya musu?