Neman kalma: lauyan da ba a juya shi, me za mu ce da shi?

Jama'a, a taimaka mini. Fassarar labarai nake yi a wani gidan rediyo nan Bauchi, kuma jiya da yamma wata sanarwa ta kayar da ni. Wasu lauyoyi ne ke kukan cewa 'yan siyasa na yi musu katsalandan a zaɓen shugabannin ƙungiyarsu, suka ce hakan na neman rusa abin da suka kira "independence of the bar". Katsalandan ba ta ba ni wahala ba, ga ta ga ƙannenta, shisshigi da tsoma baki. Kalmar ƙarshen ma na san ba mashaya ake nufi ba, lauyoyi ne a dunƙule. Ta farkon ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Cikin gaggawa na rubuta "lauyoyi masu zaman kansu". Editarmu ta karanta, ta sauke tabarau ta ce, "Malam, to na Ma'aikatar Shari'a fa, su ba lauyoyi ba ne?" Gaskiyarta. A bakin mutane, lauya mai zaman kansa shi ne wanda ya kama ofis ya kafa allo, ba ya jiran albashin gwamnati. Irin wannan yana iya zama a aljihun wani ɗan siyasa tsundum, alhali na gwamnatin yana iya duban kwamishina ya ce wannan tuhuma ba ta da tushe. Ga shi kuma kunne ya gaji da kalmar. Hukumomin zaɓe na jihohi duk "masu zaman kansu" ne a takarda, kowa kuwa ya san yadda zaɓen ƙananan hukumomi ke ƙarewa. Ɗaya ma'anar, wadda ake faɗa a kan mace, ba sai na tono ta ba.

Na gwada "'yancin lauyoyi". Ta yi faɗi. Mai sauraro a Darazo zai ɗauka an tsare su ne, ko wani haƙƙi suke bi. Wani a ofis ya ce in sa "indifenda", sai kowa ya fashe da dariya, don wannan ta ɗan takarar da ba shi da jam'iyya ce.

Da na jefa tambayar a nan jiya, da yawanku kun ce "cin gashin kai", har wata lauya daga Azare ta ce in daina wahalar da kaina. Na yarda tana da ƙarfi. Da ita muka fassara hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi, kuma ta zauna daram. Amma ku lura, duk inda ta zauna, maganar tukunya ce: wa ya sayo naman, wa ya gasa, wa zai ci. Wannan ɓangaren ya shafi lauyoyi ƙwarai. A 2025, da aka sa dokar ta-ɓaci a Ribas, Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya ta ɗauke babban taronta daga Fatakwal ta kai Inugu, ta ce ba ta zama a ƙarƙashin kantoma. Sai gwamnatin kantoman ta ce to a maido naira miliyan 300 da jihar ta bayar saboda taron, ƙungiyar ta ce ai kyauta ce. Ko wa ke da gaskiya, ranar ce mutane da yawa suka san gwamnatin jiha kan zuba wa taron lauyoyi kuɗi haka. Nan kam cin gashin kai ce kalmar. Sai dai ba kowane juyi ake yi da kuɗi ba.

Yau da safe na je na sami wani tsohon lauya, aminin mahaifina, a wajen mai masa kusa da Wunti, inda yake karyawa kafin ya wuce kotu. Baƙar rigarsa na ninke a leda a gefen benci, kar miya ta taɓa. Na karanta masa jerin kalmomina. Ya gutsuri masa, ya ce, "Ɗana, kai kalma kake nema, mu abin ya faru a kanmu."

Ya ce a zamanin Babangida sau biyu ana ɗauko mutum daga shugabancin ƙungiyar a ba shi ministan shari'a: Bola Ajibola a 1985, daga baya Clement Akpamgbo, wanda yana kan kujera aka ɗauke shi, mataimakiyarsa Priscilla Kuye ta hau. A tsakaninsu an yi Alao Aka-Bashorun, daga 1987 zuwa 1989, wanda ya hana sojoji sakat. Sai taron zaɓe na 1992 a Fatakwal ya watse baram-baram, kowane ɓangare na zargin ɗayan da yi wa wani aiki. Sojoji suka fitar da doka suka danƙa ƙungiyar ga kwamitin riƙo, aka shiga kotu, ba a sake samun zaɓaɓɓen shugaba na ƙasa ba sai 1998. "Lissafa da kyau," in ji shi. "Soke zaɓen 12 ga Yuni, mulkin Abacha, rataye su Ken Saro-Wiwa a 1995, duk a cikin shekarun nan shida aka yi, lauyoyi ba su da baki guda."

Na ce, "Baba, ai yanzu ta intanet ake zaɓen, kowane lauya da ƙuri'arsa."

Ya ce haka ne, tun 2016 da A. B. Mahmoud na Kano ya ci, kuma wancan ɗin ma sai da ya kai kotu. Ya ce amma ba ka da ƙuri'a sai ka biya kuɗin izinin aiki na shekara kafin ƙarshen Maris, da kuɗin reshe. Yaron da ya fito makarantar lauyoyi bara, maigidansa na ba shi abin da ko kuɗin keke bai isa ba, in wani ya zo ya biya wa su talatin a rana ɗaya, wa kake jin za su zaɓa? Ya ce ya ga an yi a wani reshe, bai faɗi wanne ba, kuma ɗan takarar ba shi ne mai kuɗin ba. "Babu wanda ya kama kowa, babu wanda ya saci akwati. Raƙumi da akala kawai."

Nan na ajiye cokali. Duk wanda ya taɓa ganin Buzaye sun ratso gari ya ga abin: raƙumi ya fi soro tsawo, ga kaya niƙi-niƙi, amma yaro ɗan shekara 10 ne a gaba da igiya, in ya karkata hagu dabbar ta bi. Ba a ɗaure shi ba, ba a hana shi kiwo ba. Kuma Hausa ta riga ta shigo da akala cikin maganar shugabanci: muna cewa wane ke jan akalar ƙungiya, an karkatar da akalar bincike, an juya akalar magana. To me zai hana mu ce "jan akalar kai"? Ƙungiya mai jan akalar kanta, lauya mai jan akalar kansa.

Wani malamin Hausa daga Misau ya yi mini gyara cewa raƙumi ba ya jan akalarsa, don haka hoton ya karye. Allah ya gafarta Malam, na karɓi rabi. In "riƙon akalar kai" ta fi kwanta maka, ba zan yi musu ba, amma "jan akala" ce kunne ya saba da ita, kuma mai jin labarai ba ya tsayawa neman raƙumin.

Abin da ya fi jan hankalina gare ta shi ne ba ta faɗi wanda ke riƙe da igiyar ba. Yana iya zama gwamna, ko attajirin da ke ba ka shari'o'i, ko ɓangaranci. A 2020 da ƙungiyar ta janye gayyatar da ta yi wa Nasiru El-Rufa'i zuwa taronta bayan ƙorafin wasu mambobi, wasu lauyoyin Arewa sun ce za su kafa tasu. Kowane gefe a lokacin cewa yake ɗayan ne ake ja.

Na gwada ta a kan ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya game da aikin lauyoyi, waɗanda aka amince da su a Habana a 1990, inda aka ce mambobi ne za su zaɓi shugabannin ƙungiyarsu, su kuma yi aiki ba tare da katsalandan daga waje ba. A taƙaice, su ja akalar kansu. Ta shiga ba tare da an tura ba.

A labaran ƙarfe 6 ga abin da zan karanta: "Wasu lauyoyi sun koka da katsalandan ɗin 'yan siyasa a zaɓen ƙungiyarsu, sun ce hakan zai hana ta jan akalar kanta." In maganar kuɗi ta taso, cin gashin kai na nan a ajiye. Editarmu ta sa hannu, sai dai ta ce in wani ya bugo waya yana tambayar raƙumin wa ya ɓata, ni zan ɗauka.