Na buɗe wa kwastomomina guruf, amma tsit kake ji

Maman Ikram: Assalamu alaikum. Turaren wuta da humra nake sayarwa daga gida a Zariya. Na buɗe guruf a WhatsApp, na zuba duk wanda ya taɓa saye a wurina, kusan mutum 300. Kullum ina tura hotuna, babu mai tankawa, wasu ma ficewa suke yi. Ina na kuskure?

Hajiya Mai Atamfa: 'Yar'uwa, kin tambaye su kafin ki saka su? Mace ta farka ta tarar da kanta cikin baƙi, kowa na ganin lambarta, ai dole ta gudu. Ni ma na yi haka, har mijin wata ya kira ni da faɗa. Tura musu link, mai so ta shigo da ƙafarta. Kuma hoto 40 a rana cinye data ne. Koya musu yadda ake turara kaya ƙamshi ya daɗe, ki ga surutu.

Ɗan Kwari: Hajiya ta gama magana. Idan talla kawai kike so, buɗe Channel, wato tashar WhatsApp da ke za ki riƙa turawa mabiya na kallo, can ba a ganin lambar kowa.

Maman Ikram: Kai, 40 ɗin ma na wuce, wallahi.