Fasto Capitein na Elmina: maci amana ne ko kuwa?

Malam Garba: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna a kai. A ranar 10 ga Maris, 1742, wani saurayi baƙar fata mai suna Jacobus Capitein ya tsaya gaban malaman jami'ar Leiden a ƙasar Holan, ya kare kundinsa da ya rubuta da Latin. Abin da kundin ya ce shi ne bauta ba ta saɓa wa 'yancin da addinin Kirista yake bayarwa ba. Shi kansa bawa ne tun yana yaro: an haife shi wajen 1717 a ƙasar da yau ake kira Ghana, aka sayar da shi ga wani kyaftin ɗin jirgi, Arnold Steenhart, shi kuma ya ba da shi kyauta ga Jacob van Goch, ma'aikacin Kamfanin Yammacin Indiya, kamfanin Holan mai cinikin bayi. Ni a ganina mutumin nan ya ci amanar 'yan uwansa. Wanda ya ɗanɗani ɗacin bauta, ya samu ilimi, sai ya ba masu cinikin bayi hujja da alƙalaminsa.

Ladi: Malam, ina girmama ra'ayinka, amma kalmar maci amana ta yi nauyi. A duba wa yake yi wa magana. A lokacin, masu bayi da yawa ba sa barin a yi wa bayinsu baftisma, don tsoron in bawa ya zama Kirista dole a 'yanta shi. Wani fasto ɗan Holan, Godefridus Udemans, ya riga ya rubuta cewa bawan da ya karɓi addinin a sake shi bayan shekara bakwai. Masu gonaki suka ga asara, sai suka rufe ƙofar wa'azi gaba ɗaya. Capitein ƙofar nan yake so ya buɗe. Cewa yake yi: ku bari a koya musu addini, dukiyarku ba za ta salwanta ba. Hujjarsa wasiƙar Bulus ce zuwa ga Filimon a cikin Littafi Mai Tsarki, inda ya mayar da bawan nan Unisimas ga maigidansa.

Malam Garba: To ai ke kika ƙarasa min maganar, Ladi. Ya sayi izinin wa'azi da 'yancin mutane. Me bawan da ke sarar rake a Suriname, ƙasar da Holan ta mallaka a Kudancin Amurka, ya ƙaru da shi, in an yi masa baftisma da safe, da rana an dake shi da bulala?

Ɗan Zango (Kumasi): Ni na shiga gidan Elmina, tsohon sansanin Turawa na cinikin bayi a bakin tekun Ghana, na gani da idona. Ɗakunan da ake tara bayi suna ƙasa, duhu, ba iska, ga ƙaramar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Wurin ibadar Turawan yana cikin ginin nan ɗaya. Holan ta ƙwace wurin daga hannun Fotugal a 1637, kuma nan aka turo Capitein a 1742 ya zama faston kamfanin. Albashinsa daga kamfanin yake fitowa. Duk ranar Lahadi yana wa'azi, mutane suna ɗaure a ƙasa. Wannan ne abin da zuciyata ta kasa haɗiyewa, Yaya Ladi.

Hajiya Binta: Ɗana, abin da ka gani gaskiya ne, ba mai musun sa. Amma ina so mu tuna shekarunsa. An raba shi da danginsa yana ɗan shekara bakwai ko takwas. A 1728 Van Goch ya tafi da shi Holan, ya zauna a birnin Hague. Abincinsa, suturarsa, kuɗin makarantarsa, duk daga hannun mutanen nan suke. An yi masa baftisma a 1735, ya shiga Leiden a 1737. Ko sunan Capitein ɗin laƙabi ne da suka sa masa. Ranar da ya kare kundin nan bai wuce shekara 25 ba.

Wanda yake so ya san zuciyarsa ya dubi marsiyyar da ya rubuta da Latin ga Johann Philipp Manger, faston da ya yi masa baftisma ya kuma koyar da shi, wanda ya rasu a 1741. Ya sa ta a cikin kundin, tare da labarin rayuwarsa. Yaro ne da ya rasa uba, ya samu wani, shi ma ya rasa. Mutanen da muke so ya tashi ya yaƙa su ne kaɗai dangin da ya sani. Ban ce ya yi daidai ba. Na ce wanda ya ci amana yana da wani gidan da ya juya wa baya, shi kuwa an raba shi da nasa tun bai yi wayo ba.

Auwal: Hajiya, ki gafarce ni, amma akwai Anton Wilhelm Amo. Shi ma daga wannan gaɓar aka ɗauke shi yana yaro, daga yankin Axim, ya tashi a gidan sarauta a Jamus. A 1729, a jami'ar Halle, ya yi muhawara a kan haƙƙin baƙaƙen fata a Turai, shekara 13 kafin kundin Capitein. Ke nan akwai wata hanyar, kuma wani ya bi ta.

Ladi: Auwal, Amo falsafa da shari'a ya karanta a Jamus. Capitein kuwa an horar da shi ne tun farko don a mayar da shi wa'azi a ƙarƙashin kamfanin da ke cinikin. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba. A cikin kundin ya ƙi yarda da ra'ayin Aristotle cewa wasu an halicce su bayi. Ya ce a asali kowane ɗan Adam ɗa ne, bauta daga dokokin mutane ta samo tushe. Baƙar fata ya faɗi haka da Latin a gaban malaman Leiden, a zamanin da wasu ke musun cewa baƙi na iya ilimi.

Malam Garba: Ya faɗa, amma ina ya ƙare? Ya ƙare a kan halatta ta. Kuma jama'a ƙarshen suka ɗauka. An juya kundin zuwa harshen Holan, aka yi ta sake buga shi, aka buga hotonsa ana sayarwa. Da ya ce a 'yanta bayi, kuna ganin za a yi ta bugawa haka? Holan ba ta soke bauta a Suriname ba sai 1863, fiye da shekara 120 bayan kundin. Ba shi kaɗai ya jawo hakan ba, amma ya ba su abin da suka fi so: bakin ɗan Afirka yana cewa ba laifi.

Hajiya Binta: Malam, kafin mu yanke masa hukunci mu waiwayi namu malaman. Ahmad Baba na Timbuktu, a fatawarsa ta 1615, ya hana bautar da mutanen ƙasashen Musulmi, ya ambaci Kano da Katsina da Borno. Amma bai hana bautar ita kanta ba. A fiƙihu ma, wanda aka kama yana kafiri ya musulunta daga baya, musuluntarsa kaɗai ba ta 'yanta shi. Muna ganin girman Ahmad Baba har gobe. Ma'aunin da muka auna shi da shi, da shi ya kamata mu auna Capitein.

Auwal: Wannan magana ce mai ƙarfi, Hajiya. Sai dai Ahmad Baba aƙalla ya fitar da wasu daga ƙangi. Capitein wa ya fitar?

Ɗan Zango (Kumasi): A Elmina dai ya yi ƙoƙari ta wani fannin. Ya buɗe makaranta da gidan marayu, har Sarkin Asante Opoku Ware ya aiko da yara a koyar da su. Ya fassara Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma zuwa harshen Fante, aka buga a Leiden a 1744. Shugabannin coci a Amsterdam ba su ji daɗin aikin ba. Ya nemi auren 'yar ƙasa, aka hana shi saboda ba a yi mata baftisma ba, sai ya auri Antonia Ginderdros daga Hague a 1745. Turawan gidan ba su damu da wa'azinsa ba, mutanen gari kaɗan ne suka bi shi. Ya rasu a ranar 1 ga Fabrairu, 1747, yana wajen shekara 30, da bashi a kansa.

Malam Garba: Abin tausayi ne, na kuma ji shi har raina. Amma tausayin mutum daban, hukuncin abin da ya rubuta daban. Ina nan a kan bakana game da kundin.

Ladi: A kan kundin ba mu da saɓani, Malam, ni ma na ƙi shi. A kan sunan da ka kira mutumin ne ban yarda ba.